Shawara ga malaman firamare kan farfaɗiya

Assalamu alaikum malamai 'yan uwana. Don Allah mu ware ko minti goma ne mu yi wa ɗalibanmu bayanin farfaɗiya. Da yawansu sun taso da jin cewa wanda ya taɓa yawun mai ita zai kamu. Shi ya sa da yaro ya faɗi sai aji ya watse, a bar shi yana buga kai a siminti. Abin yana min ciwo ƙwarai.

Mu faɗa musu ƙarara: ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu shi za su iya daina faɗuwa da magani.

Amma faɗa da baki ba ya zama, sai an gwada. Ɗaya ya kwanta a tabarma, wani ya janye benci, wani ya naɗe riga ya sa masa ƙarƙashin kai, wani ya ruga kiran malami. In jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa. In ta wuce minti 5, sai asibiti.

Kuma kada a fito da yaron da ke da ciwon a yi misali da shi gaban aji.