Yadda Ake Tace Ruwan Famfo a Gida

Ruwan famfo yakan baro matatar gwamnati da tsabta, amma tsofaffin bututun da suka fashe kusa da kwata sukan shigar masa da laka da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot, musamman da damina.

Da farko, a tara ruwan a bokiti mai murfi, a bar shi ya kwanta, sannan a tsiyaye na sama ta cikin farin ƙyalle mai tsabta wanda aka ninka sau da yawa. Ƙyallen yana tare datti ne kawai, ba ya kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka wajibi ne a ɗora ruwan a wuta ya tafasa sosai na aƙalla minti 1, ko a zuba shi a matatar tangaran, wadda ake goge ta da ruwa mai tsabta ba tare da sabulu ba.

Wurin ajiya ne aka fi yin sakaci. A wanke randa, a rufe ta, a keɓe mata moɗa mai dogon hannu, domin kada yatsun yara su taɓa ruwan da aka sha wahalar tacewa.