Yadda Ake Gano Matsalar Bawul Mai Rage Ƙarfin Ruwa

Yawancin yaran da ke koyon gyaran famfo a Katsina, da an ce musu ƙarfin ruwa ya ragu a gida, sai su ɗauko sifana su hau murɗa notin da ke kan bawul ɗin. Kada ka fara ta nan. Fara da geji, wato agogon auna ƙarfin ruwa.

Ɗaura geji a bayan bawul ɗin, wato ɓangaren da ruwa ke fita zuwa cikin gida, ka rufe duk famfunan gidan, ka karanta. Sannan ka buɗe famfo ɗaya ka sake karantawa. Da ba (bar) ake auna ƙarfin ruwa. Gidan zama yana son ba 2 zuwa 4 ne, kuma yawancin bawul ana saita su kusan ba 3 tun daga kamfani. Amma ka tuna tanki sai ya yi tsawon mita 10 a saman famfo kafin ya ba da kusan ba 1. Don haka idan gidan tankin sama kawai yake da shi, babu injin turo ruwa, bawul ɗin ba shi da aikin yi, cire shi.

Idan allurar geji ta tsaya daidai lokacin da famfuna ke rufe, amma ta faɗi warwas da zarar an buɗe, to galibi yashi ne. Nan ne ake yawan ɓata. Ruwan burtsatse yakan zo da yashi, na madatsar ruwa ta Ajiwa ma idan ya dawo bayan yankewa yakan turo laka da tsatsar bututu, duk su taru a ƴar rariyar da ke cikin bawul ɗin. Rufe ruwa kafin ya iso bawul ɗin, buɗe famfo ƙarfin ya fita, sannan ka kwance murfin a hankali saboda akwai sifirin (spring) a ciki. Wanke rariyar da tsohon buroshin haƙori. Kada ka soka mata ƙusa, kuma kada ka jefar da ita don ruwa ya wuce, domin yashin zai cinye robar ciki. Ni ba na ɗaura bawul sai na sa matatar ruwa kafin ruwa ya iso shi, kuɗinta bai kai na sabon bawul ba.

Idan kuwa allura na hawa a hankali alhali komai a rufe yake, robar ta mutu ko datti ya hana ta zama. Kashe hita ka sake gwadawa tukuna, ruwan zafi ma yana ɗaga allura.

Saiti, wato murɗa notin nan, shi ne na ƙarshe. Ɗaurewa na ƙara ƙarfi, sassautawa na ragewa, rabin juyi kowane lokaci. Duba kibiyar da ke jikin bawul ɗin ma, ta fuskanci cikin gida.