Shan mai a Amurka: wa zai zuba maka, kuma me ke ɗaga farashi

Ɗan'uwa, idan Allah ya sa ka sami lasin tuƙi a Amurka har ka sayi 'yar motarka, ranar da za ka fara shiga gidan mai kada ka zauna a ciki kana jiran wani ya zo ya tambaye ka na nawa za a zuba. Babu mai zuwa. A jihohi 49 cikin 50 na ƙasar nan doka ta yarda direba ya zuba wa kansa, kuma a mafi yawan gidajen mai ma'aikaci ɗaya ne tak, yana can cikin shago bayan kanta yana sayar da kofi da burodi. Mu da muka saba a zo mana har bakin taga, abin yakan ba mu tsoro da farko, musamman 'yan'uwa mata da dattawa. Ba abin tsoro ba ne. Aikin minti biyar ne.

Kafin ka juya kan mota zuwa famfo, duba allon gabanka inda alamar mai take. A yawancin motoci akwai ɗan ƙaramin kibiya kusa da hoton famfo, yana nuna ɓangaren da murfin tankinka yake, hagu ko dama. Ka tsaya da wannan ɓangaren daidai famfo, ka kashe inji. A nan sai ka biya ake sakin mai. In da kati za ka biya, sai ka sa shi a jikin famfon ko ka ɗora shi a kai. Na'urar takan nemi lambar sirrinka, ko kuma lambar yankin da kake zaune mai alƙaluma biyar, wadda ke ƙarshen adireshinka. Wanda ya zo da katin bankin wata ƙasa sau da yawa a nan yake maƙalewa, domin na'urar ba ta san adireshinsa ba. Idan haka ta faru kada ka yi ta maimaitawa. Dubi lambar da aka rubuta a saman famfon, ka shiga shago ka ce wa mai kanta kana son na dala 30 a famfo na huɗu, misali, ka miƙa masa kuɗi ko kati. Zai buɗe maka daga can. In tanki ya cika kafin kuɗin su ƙare, ka koma ka karɓi canjinka.

Akwai wani abu game da katin cire kuɗi da nake so kowane sabon zuwa ya sani, domin yana jefa mutane cikin damuwa a lokacin da aljihu bai yi nauyi ba. Idan ka sa katin a famfo, na'urar ba ta san na nawa za ka sha ba, saboda haka sai a riƙe wani adadi a asusunka tukuna, wanda kan kai dala 100 ko ma fiye. Ko da na dala 20 ka sha, sauran na iya zama a riƙe na wasu sa'o'i, wani lokaci kwana biyu ko uku, gwargwadon bankinka. Ba sata aka yi maka ba, za su dawo. Amma mutumin da kuɗin cefanensa ke cikin wannan asusun zai ji a jikinsa. Maganin shi ne ka shiga ciki ka faɗi adadin da kake so, sai a cire shi kaɗai.

Sai zaɓen mai. Za ka ga maɓallai uku galibi, ɗauke da lambobi 87, 89, da 91 ko 93. Mafi yawan motocin da sababbin zuwa ke saya, irin su Corolla da Camry da Civic, 87 aka ƙera su su sha, kuma shi ne mafi araha. Mai tsadar ba ya ƙara wa irin wannan injin lafiya ko gudu. Asarar kuɗi ce kawai, sai fa idan littafin motar ko rubutun cikin murfin tanki ya ce lallai shi ake so. Inda ake buƙatar buɗe ido sosai shi ne dizal. A nan idan aka ce gas fetur ake nufi, ba dizal ba kamar yadda bakinmu ya saba. Hannun tiyon dizal yakan zama kore a gidajen mai da yawa, amma kada ka dogara da launi, domin wasu kamfanoni fetur suke sa wa koren. Karanta rubutun. Haka kuma in ka ga E85, galibi da hannu rawaya, ka bar shi, na motocin da aka ƙera musamman domin sa ne.

Ka buɗe murfi, ka zura bakin tiyo har ciki, ka danna maɓallin man da ka zaɓa, ka jira lambobin allo su koma sifiri, sannan ka matse hannun. A ƙarƙashin yatsunka akwai ɗan ƙarfen da ake tokarewa ya riƙe da kansa, ko da yake wasu wurare sun cire shi. Idan tanki ya cika za ka ji ya yi ƙas, ya tsaya. Daga nan ka bar shi haka. Ɗabi'ar nan ta ƙara matsawa kaɗan-kaɗan don kuɗin su cika daidai tana iya lalata na'urar da ke tare tururin mai a cikin mota, gyaranta kuwa ba araha. Lokacin sanyi za ka ji kamar ka koma cikin mota ka jira. Ka daure. Gogar tufafi da kujera na tara wa jiki 'yar wutar nan da kan ɗana mutum idan ya taɓa ƙofa, kuma tartsatsinta a bakin tanki ya taɓa tayar da gobara. In dole ta sa ka shiga, taɓa ƙarfen jikin mota nesa da tanki kafin ka kama tiyo. Wanda ke da naƙasa kuma yana da haƙƙi a dokar tarayya: idan ma'aikaci ya wuce ɗaya a bakin aiki, za a fito a zuba masa a kan farashin kowa, ba ƙari.

Jihar da ta fita daban ita ce Niyu Jasi. Tun 1949 dokarta ta hana direba zuba wa kansa fetur, har yau kuma tana nan. A can sai ka zauna cikin motarka, ka sauke gilashi, ka faɗi irin man da kake so da na nawa, da kati ko da tsabar kuɗi. Ba a jiran ka ba da tukuici. Mutanenmu da ke zaune a Niyu Yok suna tsallakawa can aiki su kan manta su fito su kama tiyo, sai ma'aikaci ya taho da sauri ya dakatar da su; kada ka ji haushi, aikinsa yake karewa. Jihar Oregon ma ta yi irin wannan dokar tun 1951, amma a watan Agusta na 2023 ta sassauta. Yanzu a manyan garuruwanta gidan mai na iya barin rabin famfunansa ga masu son zuba wa kansu, sauran da ma'aikaci, farashi kuma ɗaya ne.

Wannan magana ta farashi ɗaya ita ce ta kawo ni inda na fi so mu tsaya. Da yawa suna ɗauka cewa inda ake zuba maka dole mai ya fi tsada, tunda ana biyan albashi. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, amma kaɗan ne ƙwarai. Shekaru masu yawa man Niyu Jasi, da ma'aikatansa da komai, ya fi na Niyu Yok da Fensilbeniya araha, har direbobi na tsallaka iyaka don su cika tanki. Dalili shi ne harajinta ya yi ƙasa sosai. Da aka ƙara harajin da kusan santi 23 a kan kowane galan a 2016, sai tazarar ta ragu. Kalifoniya kuwa, inda kowa ke zuba wa kansa, ita ce kusan kullum a sahun gaba wajen tsada. Ashe ba hannun da ya riƙe tiyo ke yanke farashi ba.

Mai yanke shi na farko ɗanyen mai ne, wanda ke cin kusan rabin abin da ka biya, wani lokaci fiye. Ganga ɗaya galan 42 ce, galan ɗaya na Amurka kuma lita 3.8 ne kusan. Saboda haka idan ka ji a labarai ganga ta tashi da dala 10, ka lissafa kusan santi 24 a kan kowane galan, ka jira shi cikin mako ɗaya ko biyu. Amurka ta fi kowace ƙasa haƙo ɗanyen mai tun 2018, amma hakan bai raba ta da farashin kasuwar duniya ba, domin kamfanoni ne ke haƙowa, kuma inda ya fi tsoka suke sayarwa. Shi ya sa shawarar ƙungiyar OPEC ko yaƙi a wata nahiya ke isowa har famfon unguwarku. Bayan Rasha ta shiga Yukiren a 2022, matsakaicin farashin galan a faɗin Amurka ya haura dala 5 a watan Yuni, karo na farko a tarihi, duk da gwamnati ta ba da umarnin fitar da ganga miliyan 180 daga rumbun ajiyarta. Shekara biyu kafin nan, lokacin kullen korona, galan ya faɗi ƙasa da dala 2. Gwamnati ba ta ƙayyade farashi a nan. Kowane gidan mai shi ke rubuta nasa, yana iya canza shi ma sau biyu a yini.

Haraji ne ke biye, kuma shi ke raba jiha da jiha. Na tarayya santi 18.4 ne a kan galan na fetur, bai motsa ba tun 1993. Na jihohi ne ke da faɗi: Alaska ƙasa da santi 10 take karɓa, Kalifoniya da Fensilbeniya sun haura 50. Kalifoniya ta ƙara da wani nauyin, domin tana da nata haɗin fetur na musamman don rage hayaƙi, wanda matatu kaɗan ne ke yin sa. Ɗaya ta tsaya gyara, sai farashi ya yi tsalle. Jihohin da ke bakin Tekun Meziko, irin su Tekzas da Luwiziyana da Misisifi, su ne masu araha, saboda matatu na ƙofar gidansu. Wannan taruwar matatu a wuri guda ita ce kuma rauninsu. Mahaukaciyar guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017 sun rufe matatu, kowa a ƙasar ya biya. A watan Mayu na 2021 masu kutsen kwamfuta suka tsayar da bututun Colonial da ke kai mai gabashin ƙasar, aka wayi gari da dogayen layuka a jihohin kudu maso gabas.

Shekara ma tana da nata juyin. Daga Maris zuwa Mayu farashi yakan hau, saboda matatu na komawa haɗin lokacin zafi, wanda ba ya saurin tashi ya zama tururi amma ya fi tsadar yi, ga kuma tafiye-tafiyen hutu na ƙaruwa. Bayan tsakiyar Satumba yakan fara sauka. Mai shirin sana'ar Uber ko kai saƙo ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya ci bashin mota.

Mai gidan man da kake ganin kamar shi ke tatsar ka, ribarsa a galan ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ke riƙe shi shi ne shagon. Duk da haka akwai bambanci na gaske tsakanin wannan da wancan. Na bakin babbar hanya da na kusa da filin jirgi sun fi tsada, tafiyar minti biyar cikin gari kan rage maka santi 20 ko 30. Wasu allunan na nuna farashi biyu, ƙaramin na masu tsabar kuɗi ne, wani lokaci ma sai ka wanke mota a wurin. Karanta ƙananan rubutun da ke gefe kafin ka shiga. Ɗan 9/10 ɗin da ke maƙale a ƙarshen lamba kusan santi guda ne, wato 3.19 a gaskiya 3.20 ne. Manhajar GasBuddy ko taswirar Google za su nuna maka farashin unguwarku, manyan shagunan Costco da Sam's Club kuma kan sayar da araha ga masu katin zama memba. Sai dai ka yi lissafi: tankin galan 12 da ragin santi 10 dala 1 da santi 20 ne kacal, bai kai ka tuƙa mil goma ka je ka bi layi ba.