Kurakuran da aka fi yi wajen gwajin jinin mutum da na dabba, da yadda ake gyara su

Da zarar sakamakon gwaji ya fito a karkace, na'ura ake fara ɗora wa laifi, a ce ta tsufa ko wuta ta taɓa ta. Amma duk wanda ya daɗe a ɗakin gwaje-gwaje ya san mafi yawan ɓarnar tana faruwa tun jini bai iso gaban na'ura ba: wajen ɗiba, wajen zubawa a kwalba, da zaman jiran da yake yi. A nan Sakkwato jiran nan ya fi illa, domin daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma jinin da ke cikin kwalba bai mutu ba, ƙwayoyinsa na ci gaba da aikinsu.

Gwajin sukari ne ya fi nuna haka. Ƙwayoyin jini na cinye kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na sukarin da ke kwalba a kowace awa, a zafi ma ya fi haka. A ɗauka an ɗebi jinin wani dattijo da sassafe bai karya ba, sukarinsa 7.5 mmol/L, wato ya wuce 7.0 da ake ɗauka iyakar ciwon sukari. Aka ajiye kwalbar a kan tebur ana jiran kwalabe su cika goma kafin a kai. Bayan awa biyu zai sauko wajen 6.6, a ce masa "Baba, ba ka kai ba, ka dai rage zaƙi," ya koma gida da ciwonsa. Gyaran shi ne a zuba jinin sukari a kwalba mai murfi ruwan toka, mai sinadarin fuloraid da ke hana ƙwayoyi cinye sukarin, ko a juya shi a na'urar juya jini a raba ruwan jini da ƙwayoyi cikin rabin awa. Shi ma fuloraid ba ya kamawa nan take, don haka samun kwalbar ba hujjar jinkiri ba ce. Kuma a rubuta lokacin ɗiba a jikin kwalba. Da za a ce in zaɓi ɗabi'a guda in ɗora wa kowane ma'aikaci, wannan zan zaɓa, domin ita ce ke ba mai gwaji damar cewa jinin nan ya wuce lokacinsa.

Masu kawo jini daga nesa su sa shi a kula, amma kada kwalba ta taɓa ƙanƙara, a sa kwali ko tsumma a tsakani. Jinin da za a auna fotasiyam kuwa ba a sa shi a firji kafin a raba shi, sanyi na sa sinadarin ya fito daga cikin ƙwayoyi.

Sai fashewar jajayen ƙwayoyi, wadda gaggawa ke kawowa. Mutum ya ɗebi jini da sirinji, ya huda murfin kwalba ya danna da ƙarfi, sannan ya girgiza ta. Bayan an juya, ruwan jinin da ya kamata ya fito fatsi-fatsi sai ya fito kamar zoɓon da aka tsinka da ruwa. Fotasiyam ɗin da ke cikin ƙwayar ya ninka na waje fiye da sau 20, saboda haka likita zai ga adadin da zai tayar masa da hankali a kan ƙoda da zuciya, alhali mara lafiyar ba shi da wannan matsalar. A bar sifirit ya bushe kafin a huda, kada robar ɗaure hannu ta wuce minti ɗaya, a cire allura a bar jinin ya gangara ta jikin kwalba, sannan a kifa ta a hankali kamar sau 8. Idan ya riga ya fashe, a sake ɗiba, ko da mara lafiya zai ɓata rai.

Kwalbar EDTA (sinadarin hana jini daskarewa) mai murfi shunayya ita ma tana da ƙa'ida: akwai layi a jikinta, jini ya kai layin. Idan aka ɗiga mata ɗan kaɗan, kamar yadda akan yi da yara, sinadarin sai ya yi yawa ya tsuke ƙwayoyin, PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyi a jini, ya fito ƙasa da gaskiyarsa, a fara maganar ƙarin jini ga yaron da wataƙila ba ya buƙata. Akwai ƙananan kwalabe na yara, su ya kamata a nema. Kada kuma a tsiyayi jini daga wannan kwalbar zuwa wata don ƙarasa ta, fotasiyam zai hau, kalsiyam ya faɗi.

Suna a rubuta shi a gaban mai jinin, tare da lambar kati da shekaru. A ɗaki guda za a iya samun Bello uku da Abubakar huɗu.

Inda na fi ganin ɗalibai na shan wahala shi ne jinin dabbobi, musamman masu binciken kammala karatu da ke zuwa mayanka da asuba ko su bi kasuwannin dabbobi irin su Kara da Illela. Sai su kai jinin gaban na'urar da aka saita don ɗan Adam, su kwafe abin da ta buga. Ƙwayar jinin jar akuyarmu ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na girman ta mutum ba, don haka na'urar kan lissafa wasu cikin ƙwayoyin daskarar da jini. Ko a bututun PCV ma, minti 5 da ake ba jinin mutum bai isa ya danne na akuya ba, a ba shi 10. Ta raƙumi doguwa ce mai siffar ƙwai. Jajayen ƙwayoyin kaza kuwa suna da cibiya a ciki, na'ura sai ta ƙirga su a matsayin farare, ta buga adadin da babu kazar da ke da shi. Jinin kaza da hannu ake ƙirga shi a madubin gwaji da ruwan rini na Natt da Herrick, sai fa in akwai na'urar da aka yi musamman don tsuntsaye.

Haka nan kowace dabba da nata ma'auni. Sukarin saniya mai lafiya yana tsakanin 45 da 75 mg/dL, adadin da mafi yawansa a jikin mutum ya yi ƙasa, abin damuwa ne. Wanda ya auna Gudali da ma'aunin ɗan Adam zai rubuta cewa garken duka na fama da ƙarancin sukari. Sannan halin da dabba take ciki lokacin ɗiba yana shiga cikin sakamako. Ragon da aka yi kokawa da shi kafin a kama, saifarsa na matsewa ta tura ƙwayoyi cikin jini, PCV ya hau. Saniyar da aka koro daga nesa cikin rana ba ta sha ruwa ba ita ma jininta ya yi kauri. A bar dabba ta huta, in ba hali a rubuta yanayin a littafi. Mai neman ƙwayar sammore ya duba jinin cikin 'yan awoyi, domin tana mutuwa ta daina motsi, kuma motsin ne ke sa a gan ta. Kashi kuwa daga dubura ake ɗaukarsa da safar hannu, a cire iska daga ledar a sa a sanyi. In an bar shi a zafi ƙwan tsutsa na ƙyanƙyashewa, ƙirga ya ragu.

Gwajin zazzaɓin cizon sauro yana da nasa tarkon. Jini ake shimfiɗawa a gilashi iri biyu: shimfiɗa mai kauri ba a taɓa ta da sinadarin metanol, siririyar ce kaɗai ake kafewa da shi. Idan aka shanya gilashi a rana ko ya daɗe cikin zafi, mai kaurin kan kafe da kanta, rini ya ƙi wanke ta. A hunturu ƙura na sauka a kai ta yi ɗigo-ɗigon da sabon ma'aikaci zai ɗauka ƙwayar cuta ce, a damina kuma ƙuda ke lashe jinin. Akwati mai murfi ya isa maganin duka. Ruwan haɗa rinin Giemsa ya zama mai pH 7.2, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Katin gwajin gaggawa a karanta shi a mintunan da kamfani ya rubuta, yawanci 15 zuwa 20. Layin da ya bayyana bayan awa ɗaya ba a aiki da shi. Kuma katin kan ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an sha magani an warke.

Lamba ba a rubuta ta tsirara. Na'urar hannu ta gida takan ba da sukari a mg/dL, asibiti kuma a mmol/L, tsakaninsu ninki 18 ne: 126 a wancan shi ne 7.0 a wannan. Hajiyar da ta saba ganin 110 a gida, in ta ga 6.1 a takarda sai ta firgita, alhali adadi ɗaya ne.

Sinadaran gwaji da yawa na son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma mun san halin wutarmu. A sa ma'aunin zafi a cikin firji, a duba safe da yamma a rubuta, domin firjin da ya kwana a kashe kan sake yin sanyi da safe ba wanda ya lura. Kowace rana a fara da samfurin tantancewa wanda aka san adadinsa, in bai fito daidai ba kada a taɓa jinin kowa. Fifet, wato abin ɗibar ruwa da awo, shi ma ana gwada shi: a ɗebi maikurolita 1000 na tataccen ruwa a ɗora a sikeli mai kyau sau 10, kowanne ya zo dab da giram 1. Wanda ya kauce a ajiye shi gefe, a liƙa masa takarda mai kwanan wata har sai an gyara.