Yadda ake zaɓen ƙarfen ƙasan siki don babur ɗin ƙanƙara ya riƙa shan kwana

Sababbin masu hawa babur ɗin ƙanƙara a Ontario da Kebek na Kanada ko Minnesota ta Amurka kusan duk abu ɗaya suke yi idan babur ya ƙi jin sitiyari. Sai su shiga shago su ce a ba su ƙarfen siki (siki su ne faifan nan biyu na gaba da babur ke zamewa a kansu) mafi tsawon kabayid, wato wani ƙarfe mai tsananin tauri, su ɗaura, su fita. Kafin magariba kafaɗu sun yi tsami, babur kuma ya koma fizge-fizge kamar ba shi ne na jiya ba. Tsawon kabayid ba shi ne gwaninta ba. Abin da ake nema shi ne riƙon gaba ya zo daidai da riƙon baya, kuma duk sauran bayanin nan a kan wannan ya rataya.

Ƙarfen da ake magana a kai sanda ce da ake ɗaurewa da noti a ƙarƙashin kowane siki, an dasa mata 'yan haƙoran kabayid a tsakiya. Robar sikin tana shawagi ne a kan dusar ƙanƙara, wannan sandar ce ke cizon hanya ta juya babur.

Mataki na farko, ka gane ciwon kafin ka nemi magani. A nan yawancin mutane ke ɓata, don haka zan ɗan daɗe a kai. Matsalolin iri uku ne, kuma maganin ɗaya yana iya tsananta ɗayar.

Ta farko ita ce turawa: ka karya sitiyari a kwana, babur ya ce shi gaba ya sani, ya miƙe da kai wajen bishiyoyi. Wannan na nufin bel ɗin baya, faffaɗar robar da ke juyawa tana tura babur, ya fi gaba ƙarfin riƙo. Ko kabayid ya cinye, ko ya yi gajere ga yawan ƙusoshin da ke jikin bel. Ta biyu kishiyarta ce: gaba ya ciza sosai, baya ya zame ya nemi wuce gaba, ko sikin da ke cikin kwana ya ɗaga sama har ka ji babur na shirin kifewa. Nan kabayid ya yi yawa. Ta uku ba ma a kwana take faruwa ba, a miƙaƙƙiyar hanya ce. Babur ya riƙa fizga hagu da dama shi kaɗai, saboda sandarka tana faɗawa cikin layin da sandunan baburan da suka riga ka wucewa suka tsaga, kamar tayar keke da ta faɗa sawun amalanke. Ta fi tsanani da yamma, bayan hanya ta sha zirga-zirga ta kuma daskare.

To ga inda sabon shiga ke yin kuskure. Fizgar nan ce ta tsorata shi, sai ya ɗauka gaba ne ba ya riƙo, ya sayo kabayid mai tsawon inci 8 ko 10. Ai ya ƙara wa wuta fetur, domin sandar da ta fi kaifi ta fi kama sawun wasu. Saboda haka ka fita ka gwada a hanyar da ka sani, da gudun da ba zai ba ka tsoro ba, ka lura sosai: a kwana abin ke faruwa ko a miƙe? Kana kan totur ne ko ka saki? Idan ka saki totur nauyi yana komawa gaba, siki ya ƙara dannuwa, fizga ta ƙaru. Idan kuwa sai kana matse totur a tsakiyar kwana babur ke turawa, wataƙila hannunka ne matsalar ba ƙarfe ba, don totur yana ɗage nauyi daga kan siki.

Mataki na biyu, juya babur ka ƙirga ƙusoshin bel. Ana sa su ne a adadi kamar 96, 144 ko 192, kabayid kuma ana sayar da shi inci 4, 6, 8 har 10. Ƙa'idata ita ce: bel marar ƙusa, inci 4 ya wadatar. Daga 96 zuwa 144, inci 6. Ya haura 144, sai a yi maganar inci 8. Inci 10 na masu tsere a kan tafkin da ya daskare ne, ba na mai yawon ƙarshen mako ba. Tsawon bel ma yana da tasiri. Mai inci 137 ya fi mai 129 son miƙewa, don haka yana iya buƙatar ƙarin mataki ɗaya a tsawon kabayid. Haka mai ɗaukar fasinja ko kaya a baya. Idan kana tsakanin biyu, ɗauki gajeren. Ya fi araha, kuma babur mai ɗan turawa ya fi sauƙin sarrafawa a kan wanda ke juyowa da kai ba shiri.

Sannan kusurwar haƙorin. Akwai mai digiri 60, akwai mai 90, wasu kamfanoni na yin 75 a tsakiya. Mai 60 ya fi tsini, ya fi cizon ƙanƙara mai tauri, amma ya fi saurin dakushewa. Mai 90 ya fi jure wahala. Idan hanyarka tana yawan tsallaka kwalta, ko kana shiga gari shan mai kana jan siki a kan siminti, sayen mai 60 zubar da kuɗi ne.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kabayid a kan ƙanƙara mai tauri kawai yake aiki. A dusa mai laushi, siffar sandar kanta ce ke juya babur. Zagayayyiyar sanda tana da sauƙin juyawa a hannu. Mai kusurwa irin Shaper na kamfanin Stud Boy tana riƙe dusa sosai, amma za ka ji ta a damtse. Mai fama da fizga kuwa, ya duba sanda mai layi biyu, irin Dooly na Woody's ko Deuce na Stud Boy, duka kamfanonin a jihar Michigan ta Amurka suke. Layi biyun ba sa faɗawa cikin sawu ɗaya, sai babur ya natsu. Tana da tsada, kuma a dusa mai laushi takan ɗan tura a kwana, wannan shi ne farashin kwanciyar hankalin. Ni dai ga mai doguwar tafiya a gyararriyar hanya, ita nake cewa ya saya. Masu hawa duwatsu cikin dusa mai zurfi ba ruwansu da duk wannan, gajeren kabayid ya ishe su.

Kafin ka biya kuɗi, ka tabbata sandar ta sikinka ce, ba ta babur ɗinka kawai ba. Tazarar ƙusoshin ɗauri ta bambanta tsakanin baburan kamfanonin Ski-Doo, Polaris, Arctic Cat da Yamaha, har ma tsakanin siki da siki a kamfani ɗaya. Wanda ya sayi babur na hannu yana iya tarar da an taɓa canja sikin. Ka karanta sunan da ke jikinsa, ko ka kwance tsohuwar sandar ka tafi da ita shago.

Wani abu da ba ya cin ko sisi: auna buɗewar siki. Ka miƙe sitiyari, ka ja hancin sikin biyu da igiyar roba don ɗauke lako-lako, ka auna tazarar sandunan ta gaba da ta baya. Gaba ya kamata ya fi baya faɗi da kimanin milimita 3, ko abin da littafin babur ɗinka ya ce. Idan hancin ya tsuke ciki, babu sandar da za ta hana fizga. Haka nauyin da ke kan siki: matse sifirin ɗin shokzoba na tsakiya yana rage shi, gajarta ɗamarar da ke riƙe gaban ƙafar baya, wato ƙarafan da bel ke zagaye a kansu, yana ƙara shi. Ka taɓa abu ɗaya, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba.

Ɗaurawar ba wani aiki ba ne. Kwantar da babur gefe ko ka ɗaga gaba, fesa wa tsofaffin notin man kwance tsatsa, kwance, buga sandar ta fita, share ramin. Saka sabuwa ta fuskar da ta dace, sa sababbin noti masu kulle kansu, ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, kada ka matse har ƙusar ta karye. Canja duka biyun lokaci guda. Bayan fitar farko ka sake bi da sifana. A gareji kuma ka ɗora siki a kan 'yan tayoyin turawa, in ba haka ba siminti zai cinye kabayid ɗin, kabayid ɗin kuma ya tsage maka daɓe.