Yadda za ka riski tafiyar jajayen kaguwa a Tsibirin Kirsimeti

Kada ka fara da tambayar kuɗin jirgi, fara da duba wata. Kaguwar tsibirin nan ba ta san kalandarka ba. Ruwan farko na damina ne ke tayar da ita daga daji ta nufi bakin teku, galibi a Oktoba ko Nuwamba, amma zubar da ƙwai sai wata ya tsufa ya koma rabi, da asuba, lokacin da teku ta cika ta fara janyewa. Nemo wannan ranar, ka iso kwanaki kaɗan kafin ta.

Tsibirin yana Tekun Indiya, kimanin kilomita 350 kudu da tsibirin Jaba na Indonesiya, amma mallakin Ostireliya ne tun 1958. Saboda haka bizar Ostireliya za ka nema, dalarsu za ka riƙe, jirgi kuma daga birnin Perth na Ostireliya yake tasowa, ba kullum ba. Kama masauki da motar haya tun da wuri, don gurin ƙarami ne, murabba'in kilomita 135 kacal. Sunan kuwa wani matuƙin jirgin ruwa Bature, William Mynors, ya raɗa shi da ya gifta ranar Kirsimeti ta 1643.

In ka hau titi, yi haƙuri. Ana rufe wasu hanyoyin ɗungurum, har gada aka gina wa kaguwa. Ka sa manjagara a mota. Za ka sauka ka share su gefe, ka matsa taku goma, ka sake sauka. Ni ranar farko haushi na ji, ranar ta biyu kuwa na kashe mota na zauna ina sauraron ƙaraf-ƙaraf ɗin ƙafafunsu a kan kwalta.

Daren zubar ƙwai, tashi tun ƙarfe uku ka nufi gaɓar Flying Fish Cove da tocila. Macen za ta tsaya a bakin ruwa, ta ɗaga hannuwa sama tana kakkaɓe jiki kamar mai rawa, ƙwai har dubu 100 na zuba. Ruwan sai ya yi baƙi-baƙi. Kalli inda kake taka ƙafa.

Kada ka ajiye kaya a ƙasa cikin daji. Akwai wata ƙatuwar kaguwa mai fasa kwakwa, ɓarauniya ce ta gaske. Takalmina ɗaya ta ja, na bi ta har gindin bishiya muna ja-in-ja.

In Juma'a ta same ka, akwai masallaci a unguwar Kampong, ta Malayawan da aka kawo kakanninsu aikin haƙar ma'adinin fosfat, wanda aka fara a 1899. Ka tambayi dattawan can wace gaɓa kaguwa ta fi cika bana, sun fi taswira sani.