Yadda ake sayen fili a bakin tekun Ibeju-Lekki ba tare da kuɗinka sun bi ruwa ba

Kusan duk Disamba sai wani ɗan'uwa daga Kano ko Kaduna ya zo Legas hutu, a kai shi Eleko ko Akodo, ya ga farin rairayi da itatuwan kwakwa, ya ji abin da baƙi ke biya a kwana ɗaya a gidajen bakin teku. Kafin ya koma gida ya ajiye kafin alƙalami. Dillalin ba zai rasa abin faɗa ba: ga matatar Ɗangote, ga tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, fili sai tashi yake. Duk gaskiya ne. Amma na ga mutane da yawa sun yi kuka a nan, ni ma na kusa shiga sahunsu, shi ya sa nake son ka bi abin daki-daki.

Da farko, kada ka yanke shawara da rani. Filin da ka gani a bushe a Disamba, dawo ka gan shi a Yuni ko Yuli, bayan an kwana ana ruwa. Yawancin yankin fadama ce tsakanin teku da tafkin Legas. Idan ka tarar ruwa ya kai gwiwa, lissafa tifa nawa ta yashi za ka zuba kafin ka sa harsashi. Wani lokaci cikon ya fi filin tsada. Ka kuma zauna da masuntan ƙauyen ka tambaye su inda teku yake tsayawa suna yara. Mutanen Okun Alfa, wani ƙauyen bakin teku a yankin Lekki, sun ga yadda ruwa ya cinye musu gaɓa da gidaje. Dokar tsara gine-gine ta jihar ta ce a bar mita 150 tsakanin gini da teku, don haka mai ce maka "ƙofarka a kan ruwa" rigima yake sayar maka.

Na biyu shi ne awo, kuma nan ne nake son ka buɗe kunne. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna, kuma gwamnatin Legas ta daɗe da karɓe babban ɓangaren Ibeju-Lekki. Abin da ƙauye ke da ikon sayarwa shi ne yankin da gwamnati ta yanka ta mayar masa, wanda suke kira eksishan, aka kuma buga shi a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Za ka ji ana cewa "eksishan ɗin yana kan hanya". Abin da ke kan hanya bai iso ba. Ni ba na sayen irin wannan ko da rabin kuɗi ne.

Ga abin da ya same ni. An ba ni kwafin taswirar fili, na kai ofishin Babban Safiyon jiha aka duba lambobin da ke nuna ainihin inda filin yake, aka ce babu matsala, yana cikin gazet. Saura ƙiris in biya, wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce, "Alhaji, lambobin da ka kai, wa ya ɗauko su?" Shiru na yi. Na ɗauki safiyo nawa muka koma. Ya kafa na'urarsa a kan duwatsun iyaka huɗu, ɗaya ma sai da muka sare ciyawa muka tono shi, simintin bai gama bushewa ba. Lambobin da suka fito daban, na takarda daban. Takardar ta wani fili ce can cikin gari. Inda aka tsayar da ni kuwa yana cikin wurin da gwamnati ta keɓe wa aikinta.

Don haka ƙa'idar ita ce: safiyo naka ne, kai ka biya shi, ba wanda dillali ya kawo ba. Ka tsaya a kansa yana ɗaukar lambobin, ka sa ƙafarka a kan kowane dutse, sannan waɗannan lambobin ne za a kai a duba. Ka nemi a ba ka sakamakon a rubuce. Ka tambaya musamman ko filin ya taɓa hanyar bakin teku ta Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kusan kilomita 700. A Afrilun 2024 aikin wannan hanya ya rushe wani ɓangare na wurin shaƙatawa na Landmark, wurin da duk Legas ta sani, balle fulotinka. Kuɗin safiyo da na bincike ba ya kai la'adar dillali, amma shi ne mutane suka fi ƙyashin biya. A auna girman ma, domin abin da ake kira fuloti a nan yakan zama murabba'in mita 600, ko 500, har 300.

Na uku, san wanda ke sayar maka. Idan filin dangi ne, sai shugaban dangin da manyan gidan sun sa hannu tare. Hannun mutum ɗaya ba ya wadatarwa. Lauyanka ya rubuta yarjejeniya, ka biya ta banki, a ɗauki hoto. Samarin da ake kira omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa, za su zo neman kuɗin harsashi da na rufi. Dokar jihar ta 2016 ta haramta wannan, amma a sa a takarda tun farko cewa kuɗin da ka biya ya rufe komai. Ka je ka gai da baale, mai garin, ka ɗauki ma'aikata daga ƙauyen, kada kuma ka toshe hanyar da masunta ke bi da komarsu zuwa ruwa. Kai baƙo ne, su za su duba maka gidan idan ka koma Arewa.

Sauran kuwa sananne ne. Ka zagaye filin da katanga a watan da ka saya, ka nemi amincewar gwamna ko takardar mallaka, ka karɓi izinin gini kafin bulo ɗaya ya hau. Iskar gishiri tana cin rodi da kwano, saboda haka rufin alminiyam za ka sa, kuma a gwada ruwan burtsatse kafin ka yi wa baƙi alkawarin wanka da shi. Lissafin haya kuma kada ka ɗora shi a kan Disamba; ɗora shi a kan Yuli, lokacin da ɗakuna ke kwana babu kowa amma mai gadi da man janareta suna jiran kuɗinsu.